Yadda "than I" ta mamaye aji, "than me" ta tsaya a bakin mutane

Kafin a fara rubuta littattafan nahawun Turanci domin makarantu, babu wanda ya ɗaga jijiyar wuya kan wakilin sunan da ke bin kalmar "than". Shakespeare ya yi amfani da siffofin biyu yadda suka zo masa, kuma a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, akwai wurin da aka saka "them" bayanta. Kai, ko rubutun kalmar bai zauna ba a lokacin: tushenta ɗaya da "then", sai wajen 1700 aka raba su.

Rigimar ta taso ne a tsakiyar ƙarni na 18, tsakanin malaman addini biyu a Ingila. Robert Lowth, wanda daga baya ya zama Bishop na Landan, ya fitar da ɗan littafinsa na nahawu a 1762. A ganinsa "than" mahaɗi ce, tana ɗaure jimloli biyu, ta biyun kuwa an guntule ta. Idan mutum ya ce "He is taller than I", akwai "am" da ta ɓuya a ƙarshe, saboda haka dole a saka siffar aikau. Joseph Priestley, wanda aka fi sani da gano iskar oksijin a 1774, shi ma ya rubuta nahawu a 1761, ya faɗaɗa shi a 1768, kuma kunnensa ya fi karkata ga yadda mutane ke magana. Ya lura cewa masu harshen suna ɗaukar "than" kamar "with" ko "for", waɗanda siffar karɓau ke bin su, bai kuma ga dalilin hana su ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne Lowth da kansa ya bar ƙofa ɗaya a buɗe. Ya amince da "than whom", wadda Milton ya yi amfani da ita a Paradise Lost na 1667, alhali "whom" siffar karɓau ce. Wanda ya yarda da wannan ya riga ya yarda cewa kalmar na iya yin aiki biyu.

Duk da haka ra'ayin Lowth ne ya yi rinjaye, kuma makaranta ce ta ba shi nasarar. Lindley Murray, haifaffen Amurka da ya zauna kusa da York, ya kwashi dokokin Lowth ya zuba a littafinsa na 1795, wanda aka yi ta sake bugawa shekara da shekaru. Daga wannan al'ada dokar ta iso azuzuwanmu tare da Turawan mulki, shi ya sa har yau mai shirin jarrabawar WAEC ake gargaɗinsa ya zaɓi "I". Ɗalibi Bahaushe kuwa ya saba cewa "ya fi ni", da siffar karɓau, don haka "me" ce ke fara zuwa masa.

A 1989 ƙamusun amfani da Turanci na Merriam-Webster ya bi sawun rubuce-rubucen ƙarnoni, ya nuna cewa siffofin biyu duk karɓaɓɓu ne. Ina tare da wannan hukunci, amma ba na son a yi watsi da dabarar Lowth ta cike jimla, domin akwai inda take raba gardama. "She trusts you more than me" na iya nufin ta fi amincewa da kai a kaina, ko kuma amincewarta da kai ta fi tawa. A nan sai marubuci ya fito da aikatau ɗin fili, ya rubuta "more than I do" ko "more than she trusts me", gwargwadon abin da yake nufi.