Tiga da Bagauda: Abin da Akwatin Kifi Ya Tuna Min

Yau hirar tamu daga ɗakin ƙanena ta samo asali. Ya sayi ɗan akwatin gilashin nan na kifin ado, ya cika shi da ruwa maƙil. Yana kunna injin da ke kaɗa ruwan, sai ga shi yana fantsamowa kan tabarma. Na ce masa, "Ƙane, rage ruwan nan, ka bar masa kamar yatsu biyu a sama, in ya motsa ya samu wurin komawa." Ina faɗar haka sai Tiga ta faɗo min a rai.

Mu 'yan Badafi da kewaye mun taso mun tarar da madatsar Tiga, shi ya sa muke ganinta kamar dutsen da Allah Ya ajiye. To, ba haka ba ne. An gina ta tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano cikin ƙasar Bebeji. Ruwanta ne ke bin kwatoci zuwa gonakin rani na Kadawa, Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa, alkama da tumatir, kuma har birnin Kano yana sha daga gare shi.

Abin lura shi ne, bangon Tiga na ƙasa ne da aka danne. Irin wannan bango yana da maƙiya biyu. Na farko igiyar ruwa: iska ta taso, ruwa ya yi ta dukansa yana zaizaye shi, shi ya sa ake jera masa manyan duwatsu a gaba. Na biyu cikar da ta wuce ƙima, domin da zarar ruwa ya haura saman bangon ƙasa, cinye shi zai yi. Saboda haka ake barin tazara a sama, a kuma yi hanyar da rarar ruwa za ta zube.

A watan Agustan 1988, bayan mamakon ruwan sama, madatsar Bagauda, ita ma a Bebeji, ta ɓalle. Ta tafi da gonaki da gidaje, an yi asarar rayuka. Dattawanmu har yau in suna ba da labarin sai muryarsu ta sauka. Bayan wannan ne, a 1992, aka sassauko da mazubar rarar ruwan Tiga don kada tafkin ya riƙa cika kamar da. An yarda a rasa wani kaso na ajiyar ruwa domin a tsira da mutane. Yatsu biyun da na ce wa ƙanena ke nan.

Amma riƙe ruwa ma yana da nasa farashi. Can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar damina da manoma da masunta suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa.

Mu fa, mene ne namu? Ruwan da ke cika Tiga ta ƙasar Doguwa da Tudun Wada yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore. Duk bishiyar da aka sare don gawayi, ƙasar da take riƙe da ita tafkin za ta nufa, ta cike masa ciki. Wurin ajiya ya ragu, haɗarin ambaliya ya ƙaru. Mun dai ga abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024.

Don haka 'yan'uwana matasa, kafin damina ta kankama, mu je wurin wakilanmu mu tambaya: yaushe aka duba bangon Tiga na ƙarshe, kuma wa zai sanar da ƙauyukan da ke ƙasa in za a saki ruwa? Duk wanda kakansa ya shaida ɓallewar Bagauda, ya naɗo mana muryarsa, za mu saka a shiri na gaba. Allah Ya kare mu. Sai mun sake haɗuwa.