Nama da Haƙƙin Ƙasa: Nazari kan Farauta a Nowe

Nowe, da ke arewacin Turai, na cikin ƙasashe mafi arziki a duniya, kuma babu mai kwana da yunwa a can don ya dawo daga daji hannu rabbana. Duk da haka, da kaka ta kama, maharba kusan 140,000 ke fita kowace shekara. Me ya raya farautar abinci a inda abinci ya wadata?

Al'adar dai tsohuwa ce. Zane-zanen duwatsun Alta da ke arewacin ƙasar, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985, suna nuna yadda ake kora dabbar rein, dangin barewa, cikin shinge shekaru dubbai da suka wuce. Sai dai daɗewa kaɗai ba ta riƙe al'ada. A ganina abin da ya riƙe wannan shi ne yadda doka ta ɗaure ta da ƙasa da kuma tukunya.

A Nowe kowa na da 'yancin ratsa daji, ya kafa tanti, ya tsinki 'ya'yan itatuwa, ko da dajin na wani ne. Farauta ba ta cikin wannan 'yanci. Haƙƙin mai ƙasa ce. Ƙaramar hukuma ke yanke adadin elg, wata ƙatuwar dabba dangin barewa da ta kai doki girma, da za a harba gwargwadon faɗin fili. Daga 25 ga Satumba a yankuna da dama, masu filaye da danginsu kan fita ƙungiya-ƙungiya, wasu na tsaye a wuraren kwanto, wani na bin kare. In an kayar, a feɗe tare, a raba kashi-kashi. Babban elg kan ba da kilo 150 zuwa 200, wato naman da zai kai gida guda ƙarshen hunturu a firiza. Yawan dabbar ma aikin hannun mutum ne: saran katako ya fito da sabon toho, kuma tun shekarun 1970 ake ƙyale mata masu haihuwa. Shi ya sa abin da ake harbewa ya kusa 40,000 a ƙarshen shekarun 1990, kafin ya sauko ƙasa da 30,000.

Daga nan halayyar mutanen ta samo asali. Mutumin Oslo, babban birnin ƙasar, da bai taɓa riƙe bindiga ba yakan yarda da harbin da za a ci namansa, ya ƙyamaci na neman ƙaho don ado. Tun 1986 sabon maharbi sai ya ci jarrabawa, mai harbin manyan dabbobi kuma sai ya gwada saitinsa kowace shekara, ya tanadi karen da zai bi sawun dabbar da aka raunata. Barin dabba ta tsere da harsashi a jiki abin kunya ne ƙwarai.

Inda fahimtar ke wargajewa shi ne batun kyarkeci. Ba a cin namansa, shi kuwa yana cin elg da tumaki, yana kashe karnukan farauta. A Disambar 2016 ministan muhalli Vidar Helgesen ya hana kashe garke huɗu, mutanen karkara suka yi dafifi gaban majalisa a Oslo. Kuskure ne a ɗauke su maƙiya dabba kawai. Suna kare tsarin da ya ba mai ƙasa da maƙwabtansa ikon yanke abin da za a ɗiba a dajinsu, ikon da suke ganin birni na janye musu, alhali masu kare kyarkecin na da hujjar cewa adadinsa a ƙasar bai taka kara ya karya ba.