Barikin Dodan, Fela da Yunwar El-Buhari

Masana tarihi kan ware littattafan mawaƙa masu taurin kai daban, littattafan fari da yunwa daban. Obalende, unguwar Legas da sojojin Hausawa suka zauna tun zamanin Turawa, ta nuna rabon bai dace ba, domin a nan Barikin Dodan yake, fadar mulkin soja har zuwa 1991.

Littafin Carlos Moore na 1982 da na Michael Veal na 2000 sun bi rayuwar mawaƙi Fela Anikulapo-Kuti daki-daki. A ranar 18 ga Fabrairu 1977 sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a 1978. A 1979 Fela ya ɗauki akwatin gawa ya kai ƙofar barikin. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ɗaure shi bisa zargin fita da kuɗin ƙetare, bai fito ba sai 1986.

A waccan shekara ta 1984 damina ta gaza a Sahel. A watan Afrilu, daga wannan bariki aka ba da umarnin canjin kuɗi da rufe iyakokin ƙasa. Maraɗi ta Nijar, wadda hatsinta ke shigowa daga Kano da Katsina ta Jibiya, ta wayi gari ga fari ga hanya a toshe. Mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari. Iyakar ma ba a buɗe ta ba sai 1986.

Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina, ya kafa hujja a littafinsa Silent Violence na 1983 cewa rashin ruwa kaɗai ba ya kashe jama'a. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta yi muni ne saboda harajin Turawa na tsabar kuɗi ya riga ya kwashe rumbunan talakawa. Boureima Alpha Gado, a tarihin yunwar Sahel da ya wallafa a 1993, ya ɗauki sunayen da jama'a ke ba yunwa a matsayin shaida.

Za a iya cewa fari daga Allah ne, ɗaurin Fela kuwa aikin mutum. Amma manomin da ya laƙaba wa yunwa sunan shugaba ya yi abin da Fela ya yi da akwatin gawa: ya kai ƙara ƙofar mai hukunci. Bambancin shi ne Fela ya samu marubuta tarihinsa, waɗanda farin ya koro zuwa Agege da Idi-Araba suna ga-ruwa da gadi kuwa labarinsu na bakin dattawan zango, kuma sassan tarihi na jami'o'in Kano da Legas na da aikin naɗarsa.