Zumuncin Masu Lalura a Ƙasar Kazaure: Daga Sarkin Makafi Zuwa Ranar Karɓar Magani

Zumuncin masu lalura shi ne taimakon da mutanen da ciwo iri ɗaya ya kama suke yi wa junansu, ta hanyar shawara da lallashi da rance da rakiya wurin neman magani. A ƙasar Hausa wannan zumunci ya girmi asibiti nesa ba kusa ba. Garuruwan Kazaure da Roni da Gwiwa suna cikin masarautar da Ɗantunku ya kafa wajen 1819, Babura kuwa tana ƙarƙashin masarautar Ringim, kuma dukansu sun shiga Jihar Jigawa da aka ƙirƙiro a 1991. Yankin yana zaune tsakanin Kano da Katsina da Daura, saboda haka tarihin majinyatansa a haɗe yake da na waɗannan birane, inda suka saba tafiya neman sauƙi.

Dubiya da iyakarta

Matakin farko na kula da marar lafiya shi ne gida. Uwa ko mata ko 'yar'uwa ce ke jinya, dangi da maƙwabta su zo dubiya da kunu ko fura ko ɗan abin da ya sawwaƙa. Gaisuwar sananniya ce: a ce "ya jiki?", a amsa "da sauƙi", ko da kuwa sauƙin bai samu ba, a rufe da "Allah ya sa kaffara ne". Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda bai je dubiya ba yana da abin faɗa a kansa.

Sai dai dubiya ta fi dacewa da ciwon kwanaki, irin su zazzaɓi da karaya da jego. Idan ciwo ya shekara, ƙafa takan ɗauke, a bar majinyaci da mai jinyarsa. Amsar nan ta "da sauƙi" ma takan zame masa katanga, domin kunya da dauriya ba sa barinsa ya faɗi gaskiyar abin da yake ji. A nan ne mai doguwar lalura yake neman ɗan'uwansa a ciwo, wanda ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sarautun masu lalura

Tsari mafi daɗewa da aka sani shi ne na sarauta. A manyan garuruwan Hausa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu. Daga cikinsu ake zaɓensa, sarkin gari ko hakimi ya naɗa masa rawani, shi ma ya naɗa nasa masu muƙamai kamar Galadima da Madaki, kwatankwacin yadda fada take. Aikinsa ya haɗa da sasanta rigima tsakanin mabiyansa, da sauke baƙon da ya zo daga wani gari, da raba sadakar da aka aiko a dunƙule ranar Juma'a ko da azumi, da tsayawa a kan aure da suna da jana'iza. Shi ne kuma bakinsu a gaban hukuma.

Makafi sun fi kowa ƙarfin tsari. A Kano suna da unguwarsu, kuma an san su da sana'ar tufkar igiya da haddar waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi. Wanda ya makance da girmansa, ko ta dalilin agana ko amosanin ido, a wurin 'yan'uwansa yake koyon riƙe sanda da ƙirga taku da gane kuɗi da hannu da zama da ɗan jagora. Wannan ilimi ne da mai ido ba zai iya koyarwa ba. Aibin tsarin shi ne yadda ya jingina da bara, har kalmar "musaki" ta kusa zama ɗaya da "mabaraci" a bakin jama'a. Duk da haka ya ba mai lalura suna da matsayi da wurin kai kuka, a zamanin da babu wata hukuma da ta san da zamansa.

Bori da girka

Ciwon da ba a ganin rauninsa, kamar farfaɗiya da firgita da yawan ɓari da ramar da ba a san dalilinta ba, an daɗe ana danganta shi da iskoki. Bori shi ne tsohon gidan da ya karɓi irin waɗannan majinyata, musamman mata. Idan maganin boka da na malam sun gaza, sai a yi wa marar lafiya girka. Akan keɓe ta kwanaki a hannun uwar girka, ana ba ta jiƙo da turare, masu garaya ko goge da 'yan ƙwarya suna kiɗa, har iskan da ake zargi ya hau ya faɗi buƙatarsa. Daga nan ta zama goɗiyarsa, ta shiga sahun waɗanda aka yi wa girka kafin ita, masu Sarkin Bori ko Magajiya a kansu.

Abin lura shi ne bori bai yi wa majinyaci alkawarin rabuwa da ciwo ba, zaman lafiya da shi yake koyarwa, kuma wanda ya sha wahalar ne yake zama malamin na bayansa. Cikin iskokin ma akwai masu siffar lalura. Wanda Kuturu ya hau yakan dunƙule yatsunsa ya yi magana ta hanci, ita kuma Inna da ita ake danganta shanyewar ƙafa, shi ya sa har yau ake cewa "shan inna".

Malaman jihadi sun yaƙi bori a matsayin shirka, kuma tun daga ƙarni na 19 yake ja da baya a masarautun daular Sakkwato, ko da yake ya fi daɗewa da ƙarfi a Maraɗi da Tsibiri. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta kafa 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji suke zagaya ƙauyuka suna karantar da mata, kuma duba marasa lafiya yana cikin ayyukan da take kwaɗaitar da su. A hankali rubutu da tofi, sannan ruƙiyya a 'yan shekarun baya, suka maye gurbin girka a gidaje da yawa. Bambancin shi ne wanda aka yi wa ruƙiyya gida yake komawa shi kaɗai, babu wata ƙungiyar 'yan'uwa da ke jiransa.

Kuturta da zaman asibiti

Zuwan Turawa ya haifar da sabon nau'in zama tare. A shekarun 1930 mishan ɗin SIM ta karɓi ragamar matsugunan kutare na wasu lardunan Arewa, wato Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina da Yadakunya a Kano. Mishan ɗin ta kuma buɗe tasha a Roni, har da makarantar yara maza. Sunan Yadakunya kansa ya isa bayani: wuri ne da mai ciwo zai yar da kunya ya fito neman magani. Majinyata sukan shekara da shekaru a can, suna noma, suna aure, suna da shugabanninsu, kuma waɗanda suka samu sauƙi su ake koya wa wanke miki da raba magani.

Maganin farko allurar man wani itace ne na ƙasar Indiya, mai zafi da ƙarancin amfani. Daga ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dafson ta shigo, sai aka buɗe ƙananan wuraren karɓar magani a garuruwa da ƙauyuka, majinyaci ya zo ranar da aka sa masa ya koma gida. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna biyu ko uku, wanda ke warkar da cutar cikin wata shida zuwa shekara guda a tsarin yanzu, kuma tun 1995 kyauta ake bayar da shi.

Ƙwayar cuta tana mutuwa, amma jijiyar da ta lalace ba ta dawowa. Wanda tafin ƙafarsa ya mutu zai taka ƙaya ko garwashi bai sani ba. Wannan ya sa aka ɓullo da ƙungiyoyin kula da kai. Mutane kaɗan sukan zauna da'ira, kowa ya tsoma ƙafarsa a kwanon ruwa, ya kankare kanta da dutse, ya shafa mai, sannan na kusa da shi ya duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu ko akwai tsaga. Wanda ya zo babu takalmi, 'yan'uwansa ne za su yi masa faɗa, kuma faɗansu ya fi na ma'aikacin lafiya shiga jiki.

Ciwon 'ya mace

Babbar Ruga ta sake shiga tarihi ta wata ƙofar. Likitan ƙasar Holan Kees Waaldijk ya zo aikin kuturta a 1983, ya ga yawan matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, ya koma yi musu aiki. Asibitin yanzu cibiya ce ta ƙasa a wannan fanni. A Kano akwai sashen Laure a Asibitin Murtala, a Jigawa kuma ƙungiyar likitocin nan ta MSF tana aiki a Jahun tun 2008.

Matar da ta kamu da yoyon fitsari sau da yawa ta rasa jaririn, ta rasa auren, ta daina shiga taro saboda zarni. Ranar da ta isa asibiti ne take fara ganin ba ita kaɗai ba ce. Waɗanda suka riga ta su ne suke nuna mata yadda ake riƙe robar fitsari da bokiti, su matsa mata ta sha ruwa da yawa, su kwantar mata da hankali kafin a shiga da ita. A zaman jiran warkewa suna koyon ɗinki da saƙa da haɗa sabulu. Wadda ta warke ta koma ƙauye ita ce take rako ta gaba, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Cuta mai karya garkuwar jiki, wadda aka fara ba da rahotonta a Nijeriya a 1986, ta zo da tsangwama mai kama da ta kuturta. Masu ɗauke da ita sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, NEPWHAN, a 1998, kuma da aka mai da magani kyauta a 2006 ranar karɓar magani ta zama ranar haɗuwa. Ana tunatar da juna lokacin shan ƙwaya, ana adashi, ana bin sawun wanda ya daina zuwa, har aure akan ƙulla a tsakani. Iyayen masu sikila da masu ciwon suga da hawan jini su ma sun ɗauki irin wannan salo, a bencin asibiti da kuma zaurukan WhatsApp. Masu shan inna kuwa sun yi fice da ƙera kekunan guragu a Kano. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu buƙata ta musamman alawus na naira 7,000 a wata a Jigawa.

Taɓin hankali

Masu taɓin hankali su ne tarihi ya bari a baya. Makaho da kuturu da gurgu kowa ya samu sarkinsa, amma mai wannan lalura bai samu irin wannan inuwa ba. Dalilan a fili suke: ciwon yana taɓa maganar da mutum zai kare kansa da ita, dangi kuma suna ɓoye shi don kada a ƙi auren 'ya'yan gidan. Wanda ya yi tsanani akan kulle shi a ɗaki ko a sa masa mari ko a kai shi turu. Dokar mulkin mallaka ta 1916, da wadda ta gaje ta a 1958, sun fi damuwa da tsare majinyaci fiye da yi masa magani, kuma da yawa a gidajen yarin En'e aka ajiye su.

An gwada wata hanya a kudu tun 1954, lokacin da Dakta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta. A Arewa an samu asibitin Dawanau a Kano da na tarayya a Kaduna da Kware, kuma asibitin masu taɓin hankali na Jihar Jigawa a garin Kazaure yake. Duk da haka gidajen mari ba su gushe ba, musamman da shaye-shayen kodin da taramol suka yawaita tsakanin matasa. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane ɗaure da sarƙa daga wani irin wannan gida a Daura, maƙwabciyar Kazaure. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta soke ta 1958 ta kuma amince da haƙƙin majinyaci.

Harshe ma ya motsa. Kalmomin "ciwon damuwa" da "lalurar ƙwaƙwalwa" sun fara raba fage da "hauka" a gidajen rediyo da bakin ma'aikatan lafiya. Zumuncin da ake da shi yanzu yawancinsa a layin karɓar magani yake ƙulluwa, tsakanin iyaye da matan aure da suka rako majinyata, suna tambayar juna kuɗin ƙwaya da yadda ake shawo kan wanda ya ƙi sha. Wannan shi ne matakin da kutare da matan yoyon fitsari suka fara takawa kafin su kai ga tsayayyun ƙungiyoyi. A kowane zamani, tsangwamar ciwo ta ragu ne bayan magani ya samu kuma waɗanda suka samu sauƙi sun fito sun riƙe hannun na bayansu. Masu taɓin hankali a ƙasar Kazaure suna da asibiti a ƙofar gida da doka a bayansu, abin da ya rage musu shi ne su samu bakin magana daga cikinsu.