Mamadou Maïdah da Boukary Sabo: 'yan Tasawa da Mayahi da suka riƙe harkokin wajen Nijar

Idan aka ce a lissafo fitattun mutanen jahar Maradi, bakin jama'a ya fi saurin faɗawa kan 'yan kokowa: Yacouba Ango Kantou, wanda ya ci gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, har aka sa wa filin kokowar Maradi sunansa, ko kuma Oumarou Ali Bindigaou. Samari ƙalilan ne za su ambaci Mamadou Maïdah ko Boukary Sabo. Amma daga 1970 zuwa 1974 waɗannan mutane biyu, ɗaya haifaffen Tasawa, ɗaya haifaffen Mayahi, su ne suka riƙe ma'aikatar harkokin wajen Nijar, ɗaya bayan ɗaya. A cikin waɗannan shekaru huɗu ne aka fara fitar da uraniyom daga Arlit, fari ya cinye dabbobi da amfanin gona, dangantaka da Faransa ta yi tsami, daga ƙarshe jamhuriya ta farko ta faɗi.

Ƙasar da suka fito

Tasawa tana bisa babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1, tsakanin Maradi da Damagaram. Mayahi kuwa tana arewa maso yamma da ita, a bakin Gulbin Kaba. A ƙidayar jama'a ta 2012 kowace ɗaya daga cikin gundumomin biyu ta haura mutum rabin miliyan. Ƙasa ce ta manoman hatsi da wake, wadda a da ta yi suna wajen noman gyaɗa, kuma kasuwanninta sun daɗe suna fuskantar Katsina, Daura da Kano.

Yankin ya san Turawan Faransa tun farkon shigowarsu. A watan Yuli na 1899, a Dankori da Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa, rundunar Voulet da Chanoine ta watse bayan ɓarnar da ta yi tun daga bakin kogin Kwara: a nan aka kashe kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, a nan kuma sojojinsu suka kashe su biyun. Shekara 25 bayan haka, a 1924, aka haifi Maïdah a Tasawa, aka haifi Sabo a Mayahi.

Daga aji zuwa gwamnati

Dukansu biyu malaman lakwal ne kafin su shiga siyasa. A zamanin mulkin mallaka wannan ita ce kusan hanya ɗaya tilo da ɗan ƙasa zai bi ya kai ga manyan ofisoshi, domin Nijar ba ta da makarantar gaba ko ɗaya. Wanda ya yi fice akan tura shi makarantar William Ponty ta Senegal, inda Boubou Hama, Diori Hamani da Djibo Bakary suka yi karatu, ko kuma makarantar horar da malamai ta Katibougou a ƙasar Mali ta yau, wadda Maïdah ya bi ta cikinta. Shi ya sa gwamnatocin farko na Nijar suka cika da mutanen da suka taɓa riƙe alli.

Sun shiga gwamnati ta ƙofar jam'iyyar PPN-RDA ta Diori Hamani, alhali kuwa ƙasarsu ba a nan ta karkata ba. Bayan zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, inda Sawaba ta Djibo Bakary ta yi kiran a ce "a'a" ga tayin Janar de Gaulle kuma ta sha kaye, an yi zaɓen majalisa a ranar 14 ga Disamba. Cikin kujeru 60 Sawaba ta samu 11, kuma duka daga mazaɓun Tasawa da Damagaram suka fito. Daga baya aka soke sakamakon mazaɓun biyu. Kujerun Tasawa aka ba wa ƙawancen da ke goyon bayan Diori, a watan Oktoba na 1959 kuma aka haramta Sawaba baki ɗaya. Tun daga nan har zuwa 1974 jam'iyya ɗaya ce ke da ikon tsayar da ɗan takara.

Ragamar wannan jam'iyya tana hannun mutum uku, dukansu daga yammacin ƙasa: shugaba Diori, Boubou Hama shugaban majalisa, da Diamballa Yansambou Maïga ministan cikin gida. Gwamnatin tana bukatar mutane daga ƙasar Hausa, inda yawan jama'a da arzikin gyaɗa suke, kuma inda aka fi yi mata kallon nesa. Maïdah da Sabo suna cikin waɗanda suka daɗe a wannan gurbi.

Mamadou Maïdah

Takardun gwamnati na wancan zamani sukan rubuta sunansa Maïdah Mamoudou. Ya fara da ma'aikatar noma tun kafin samun 'yancin kai na 3 ga Agusta 1960, sannan ya riƙe ma'aikatar ilimi a shekarun farko na 'yanci, lokacin da yaran da ke zuwa lakwal ba su taka kara sun karya ba a duk faɗin ƙasar. Daga nan ya koma ma'aikatar tattalin arzikin karkara, inda ya fi daɗewa, har zuwa 1970.

Wannan kujera ta shafi mutanen Tasawa da Mayahi kai tsaye. A shekarun 1960 gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA domin ya riƙe cinikinta, ta kuma kafa UNCC domin ƙungiyoyin manoma da bashin noma. Buhunan da ake aunawa a kasuwannin yankin suna bin hanya biyu zuwa teku: ta jirgin ƙasa daga Kano zuwa Legas, ko ta mota zuwa Parakou sannan jirgi zuwa Kwatano. Farashin da manomi zai karɓa a ma'auni gwamnati ce ke yanke shi a Yamai, kuma daga kuɗin gyaɗar nan yake biyan haraji.

A 1970 aka naɗa shi ministan harkokin waje, ya gaji Barcourgné Courmo. Ya riƙe muƙamin har 1972, sannan ya koma ma'aikatar watsa labarai har ranar juyin mulki. Ya rasu a 2005.

Boukary Sabo

Sabo ya shiga gwamnati daga baya. Ya riƙe ma'aikatar watsa labarai, sannan ya yi shekaru a ma'aikatar ma'aikatan gwamnati da ƙwadago, wadda ke kula da ɗaukar aiki, albashi da hulɗa da ƙungiyoyin ƙwadago, a lokacin da 'yan ƙasa ke karɓar ofisoshi daga hannun Turawa. A 1972 ya gaji Maïdah a harkokin waje. Shi ne ministan harkokin waje na ƙarshe na jamhuriya ta farko.

Abin da ya ratsa ta ofishinsu

Ya kamata mai karatu ya san cewa a zamanin Diori harkokin waje kusan aikin shugaban ƙasa ne. Sau biyu ya haɗa muƙamin da nasa, daga 1958 zuwa 1963, sai kuma daga 1965 zuwa 1967. Manyan shawarwari a fadar shugaba ake yanke su, minista ya shirya takardu, ya wakilci ƙasa a taruka, ya tarbi jakadu. Duk da haka, abubuwan da aka ƙulla a shekarun Maïdah da Sabo har yanzu ana rayuwa da su.

Na farko shi ne Najeriya. A yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa Janairun 1970, Diori ya tsaya tare da gwamnatin Yakubu Gowon, alhali Faransa na taimakon 'yan aware. Wannan tsayuwa ta ɓata wa Paris rai, amma ta buɗe ƙofa a Legas. A watan Maris na 1971, Maïdah na ofis, ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, mai mazauni a Yamai, domin harkokin kasuwanci, ruwa, hanyoyi da lantarki. Ga ɗan kasuwar Korgom ko Hawandawaki, wanda rayuwarsa ta dogara da iyaka, babu yarjejeniyar da ta fi wannan kusa da gida.

Na biyu uraniyom. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da ƙarfen daga Arlit a 1971, amma Faransa ce ke saye, ita ce kuma ke faɗin farashi. Lokacin da shugaba Georges Pompidou ya ziyarci Yamai a Janairun 1972, 'yan makaranta sun nuna masa fushinsu a kan titi, gwamnati kuma ta fara neman a sake duba yarjejeniyoyin haɗin kai da aka sa wa hannu a 1961.

Na uku juyawa wajen ƙasashen Larabawa. A watan Janairu na 1973, Sabo na minista, Nijar ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila, wata tara kafin yaƙin Oktoba da ya sa yawancin ƙasashen Afirka suka bi sahu. A Maris na 1974 kuma ta sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Libiya ta Mu'ammar Gaddafi, abin da bai yi wa hafsoshin soja daɗi ba.

Na huɗu ƙungiyoyin yanki. A Afrilun 1973 aka sa hannu a Abijan kan yarjejeniyar CEAO, wadda ta haɗa ƙasashe shida renon Faransa ba tare da Najeriya ba. A 12 ga Satumba na wannan shekara, a Wagadugu, Nijar da Mali, Muritaniya, Senegal, Cadi da Burkina Faso ta yau suka kafa CILSS domin yaƙi da fari a Sahel.

Fari da faɗuwar gwamnati

Farin da ya fara tun ƙarshen shekarun 1960 ya kai ƙololuwa a 1973. Makiyaya sun rasa garkunansu, dubban mutane sun kwararo bakin garuruwa, noman gyaɗa ya karye, bai kuma sake komawa yadda yake a da ba. Aikin ma'aikatar harkokin waje ya koma neman agajin hatsi daga ƙasashen duniya. Hatsin ya zo, amma maganar da ta cika gari ita ce wasu manya na karkatar da shi, ana sayarwa a kasuwa.

A daidai wannan lokaci farashin man fetur ya ninka sau huɗu a duniya, Faransa ta yanke shawarar dogaro da makamashin nukiliya. Diori ya ga dama ta samu. A ƙarshen Maris 1974 wakilan Nijar da na Gabon suka zauna a Yamai da tawagar Faransa ƙarƙashin Yves Guéna domin neman ƙarin farashin uraniyom. An tashi ba a daidaita ba, da niyyar a sake zama. Pompidou ya rasu ranar 2 ga Afrilu. A daren 14 wayewar 15 ga Afrilu sojoji ƙarƙashin laftanar kanar Seyni Kountché suka karɓe mulki, aka kashe uwargidan shugaba, Aïssa Diori, aka rushe majalisa da jam'iyya, aka tsare shugabannin gwamnati. Diori ya zauna a tsare har 1980, sannan ɗaurin talala har 1987, ya rasu a Rabat a 1989. Tafiyar siyasar Maïdah da Sabo a gwamnati ta ƙare a wannan dare.

Sabuwar gwamnati ta sauya wasu abubuwa nan take. Ta sa sojojin Faransa sun bar ƙasar, a watan Yuli na 1974 kuma ta ƙulla hulɗa da Sin ta Beijing a maimakon Taiwan. Amma hukumar haɗin gwiwa da Najeriya da CILSS sun ci gaba da aiki.

Yadda ake auna su

Mutane ba su haɗu kan hukunci ɗaya ba game da 'yan siyasar wancan zamani. Iyalan da suka yi Sawaba a Tasawa suna tuna soke zaɓen 1958, da kame-kame da kisan da suka biyo bayan yunƙurin 'yan jam'iyyar na 1964, kuma a wajensu duk wanda ya zauna a gwamnatin RDA yana da kaso cikin alhakin. Wasu kuma suna duba cewa waɗannan tsofaffin malaman lakwal sun karɓi ƙasa wadda ba ta da jami'a, ba ta da tashar teku, ba ta da isassun ma'aikata, suka kafa ma'aikatu da makarantu da hukumomin da aka gina sauran a kansu.

Batutuwan da suka wuce ta teburin Maïdah da Sabo su ne dai ake tattaunawa yau: wa ke faɗin farashin uraniyom, wace irin hulɗa za a yi da Faransa, yaya za a zauna da Najeriya, kuma daga ina abinci zai fito idan damina ta gaza. A 2023 sojojin Faransa sun sake barin Nijar, iyakar Najeriya ta yi watanni a rufe, kasuwannin kudancin jahar Maradi suka ji a jikinsu. Ɗalibin Tasawa ko na Mayahi da ke son fahimtar asalin waɗannan al'amura zai tarar da sunayen mutanen garinsu biyu a cikin jerin ministocin harkokin waje, a shekarun 1970 zuwa 1974.