Daga Wabi Zuwa Dashen Ɓargo: Wane Yaro Ne Ya Cancanta?

A ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, daga Bichi zuwa Makoɗa, inda gona ke manne da gona, ƙasa ba ta hutawa sai dai a ciyar da ita da taki, har yau akan tarar da tsoho mai suna Ajuji ko tsohuwa mai suna Ayashe. Irin wannan suna tarihin gida ne a dunƙule. Yana nufin uwar ta haihu ta binne, ta sake haihuwa ta sake binnewa, har ta kai ga nuna wa mutuwa cewa wannan jaririn abin yarwa ne, ko za ta ƙyale shi. Wabi ke nan. Dalilansa suna da yawa: zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, gudawa, tamowa. Amma a cikinsu akwai wanda ke bin gida ɗaya, ya ɗauki wa ya dawo ya ɗauki ƙane, wato amosanin jini, wanda yau kowa ke kira sikila. Yanzu da ake zancen dashen ɓargo, maganin da ke iya raba mutum da cutar ɗungurungum, tambayar da ke bakin iyaye ita ce: wa ya cancanta? Tarihin yankin nan yana nuna cewa amsar tana farawa tun daga ɗakin mai jego, shekaru kafin yaro ya ga ƙofar babban asibiti.

Kakanninmu sun san alamun, ko da ba su haɗa su wuri guda ba. Jariri ɗan wata bakwai ya kwana yana tsala ihu, bayan hannunsa ya kumbura sumul, yatsun sun yi zafi, ko zane ya taɓa su sai ya zabura. Idan hunturu ya shigo, ko ruwan damina ya doke shi, ciwon ya sauka cikin ƙashi, a ce sanyi ne, a kira wanzami ya kafa ƙaho. Idan ido ya yi ɗorawa a ce shawara ce, a jiƙa saiwa. Kowace alama da sunanta da mai maganinta, babu wanda ya ce tushensu ɗaya. Likitancin zamani ma ya daɗe yana lalube. A 1910 James Herrick ya ba da rahoton ganin ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jinin wani ɗalibi a Chicago. A 1949 Linus Pauling ya nuna cewa aibin yana cikin sinadarin da ke ba jini launinsa, sannan a 1954 Anthony Allison ya gano cewa wanda ya gaji cutar daga ɓangare ɗaya kawai, mai AS, yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa gadon ya yi yawa a ƙasar sauro irin tamu.

Hujja mafi nauyi kan yadda cutar ke kashe yara daga ƙasar Kano ta fito. Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991. Alan Fleming, likitan jini na Jami'ar Ahmadu Bello, da abokan aikinsa sun auna jinin mutanen ƙauyukan, suka wallafa sakamakon a 1979. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da AS. A cikin jarirai 1,000, kimanin 21 masu SS ne, wato masu cutar. A cikin yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, adadin ya faɗo zuwa 4 cikin 1,000. Daga shekara tara zuwa sama kuwa, sai ka tara mutum 2,000 kafin ka sami ɗaya. Ba warkewa suka yi ba. Shi ya sa dattijon da ke cewa a zamaninsu babu sikila gaskiyar abin da idonsa ya gani yake faɗa: masu cutar ba su rayu har sun isa riƙe fartanya ba, balle a san da su.

Dashen ɓargo ya shigo labarin a 1984, a asibitin St. Jude da ke Memphis a Amurka, inda aka yi wa wata yarinya mai sikila dashe saboda kansar jini, sai aka ga sikilar ma ta tafi. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin asali, uwayen da ke haifar da dukkan ƙwayoyin jini. Ana kashe na majiyyaci da magunguna masu ƙarfi, a ɗura masa na mai lafiya ta jijiya, su shiga ƙashi su fara sabon jini. A Nijeriya, Dakta Nosakhare Bazuaye ne ya jagoranci dashen farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, kuma a 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa. Aikin yana da haɗari: sabon ɓargo na iya juyowa ya yaƙi jikin da ya karɓe shi, magungunan na iya hana haihuwa, wasu kuma suna rasa rai. Saboda haka likitoci suka fi ba da shi ga wanda cutar ta tsananta masa, kamar wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙirji da ciwon ƙashi ke yawan kwantar da shi. An fi samun nasara ga ƙananan yara waɗanda ƙoda da hanta da huhunsu ba su lalace ba, kuma idan ɓargon na shaƙiƙi ne da ya dace, fiye da tara cikin goma sukan warke.

A nan gidan manomi yana da arzikin da bai san da shi ba. Dacewar ɓargo gado ce, kuma kowane ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya yana da rabo ɗaya cikin huɗu na dacewa. Mai AS na iya bayarwa, mai SS ne ba ya iyawa. Idan aka yi lissafi, yaron da ke da shaƙiƙai shida yana da kusan rabo bakwai cikin goma na samun mai ba shi, abin da ɗan gidan 'ya'ya biyu a Ingila ba zai samu ba. 'Yan uba kuwa ba su cika samun cikakkiyar dacewa ba, ko da a tsakar gida ɗaya suka tashi. Wato sharaɗin da ya fi wahalar da masu kuɗin duniya yana nan zaune a ƙauyenmu. Abin da yaronmu ke rasawa shi ne sauran sharuɗɗan: a san cutarsa da wuri, ya rayu, ya isa hannun likita da sauran lafiya a jikinsa.

Za a ce, ina amfanin wannan magana ga mai buhun gero goma, alhali dashe na cin miliyoyin naira, sabon maganin gyaran ƙwayar gado da Amurka ta amince da shi a 2023 kuwa, Casgevy, dala miliyan 2.2 ne? Gaskiya ne, kuma babu amfanin sayar wa talaka mafarki. Amma hanyar da ke kai yaro ga cancanta ita ce dai hanyar da ke raya shi ko da ba a taɓa yi masa dashen ba, kuma mai araha ce: ɗigon jini daga diddigen jariri, allurar rigakafi, gidan sauro, da penisilin kullum, wanda binciken 1986 a Amurka ya nuna yana rage mugun kamuwa da ƙwayar nimoniya da kashi 84 cikin 100. A Kano ma, likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt, sun nuna cewa auna gudun jini a jijiyar ƙwaƙwalwa da ba da ƙwayar hydroxyurea na kare yara daga shanyewar jiki. Wannan ilimi a nan gida aka samo shi. Abin da ya rage shi ne ya fito daga birni ya isa ƙaramin asibitin gunduma.

Wasu kuma za su ce dokar gwajin lafiya kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta gama magana. Doka ce mai kyau, kuma kare zuriya daga cutar da aka sani ba ya karo da tawakkali. Sai dai tana duban 'ya'yan da ba a haifa ba, alhali ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Nijeriya kowace shekara, kuma suna nan a bayan iyayensu. Haka nan takardar gwaji ba ta da amfani idan na'urar ba ta da inganci, ko waliyyi bai fahimci abin da AS da AS ke haifarwa ba.

Uwar da ta raɗa wa ɗanta Ajuji ta yi iyakar abin da zamaninta ya ba ta, ta ɓoye shi daga abokin gaban da ba ta san sunansa ba. Mu mun san sunan, mun san adadin tun binciken Garki. Don haka alhakin ya koma wuyanmu: a auna jinin jariri cikin makon suna, kafin hannunsa ya fara kumbura, domin ranar da dashe zai yi sauƙi a same shi da rai, ga shaƙiƙinsa a gefe.