Amsar Wasiƙa: Daren da Wata Ya Tona Asirin Tauraro

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Tsafe, ya rubuto cewa sun ga wata ya haɗiye tauraro, har wasu na cewa alamar fari ce, a ɓoye gero. Yana tambaya, shin gaskiya ne?

To Alhaji, kwantar da hankalinka. Wata ba ya haɗiye komai, giftawa yake yi. Nisansa daga gare mu kamar kilomita 384,000 ne, taurari kuwa suna can nesa ƙwarai. In ya bi ta gaban ɗayansu sai ya tare mana shi na ɗan lokaci. Malamanmu masu lissafin taurari sun san masaukan wata 28, irin su Surayya da Dabaran da Ƙalbu, kuma yakan rufe waɗannan ukun.

Ga tarihin abin. Ranar 13 ga Afrilu, 1819, wani masani mai suna Johann Bürg a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya yana jiran jan tauraron nan Ƙalbu ya fito daga bayan wata. Sai ya ga wani ɗan ƙaramin haske ya riga fitowa, bayan 'yan daƙiƙu babban ya biyo. Ya ce lalle taurari biyu ne. Aka yi ta musu, sai wajen 1846 aka hango ƙaramin da madubin hangen nesa. Ashe mutumin yana da gaskiya.

Misali, ka hangi haske guda da dare a hanyar Gusau zuwa Bunguɗu, ka zaci babur ne. Da ya sha kwana bayan dutse, sai fitila ɗaya ta ɓace, sannan ɗayar. Ka ga mota ce ke nan.

Daga wajen 1970, David Evans da abokan aikinsa a Jami'ar Texas ta Amurka suka riƙa auna hasken sau dubu cikin daƙiƙa ɗaya. Da irin wannan na'ura, da kyamarori masu saurin gaske da suka biyo baya, an gano ɗaruruwan taurari 'yan biyu masu kewaya juna.

Saboda haka Alhaji, masana na lissafa wannan giftawa tun shekaru kafin ta auku, kuma ba ruwanta da damina. Kada a tsauwala wa talaka kuɗin tiya saboda ita. Ruwa na Allah ne.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.